Yadda Ake Gina Samfurin Tafiyar Gurɓata a Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

Ruwan da ake ja daga rijiya ko burtsatse tafiya yake yi a ƙarƙashin ƙasa. Yana silalewa ta kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, wani wuri taku ɗaya a yini, wani wuri ko taƙi ba ya cikawa a shekara. Duk abin da ya narke a cikinsa yana biye da shi, sai dai kowa da saurinsa. Wani sinadarin yakan tafi tare da ruwan ba ya bari a bar shi a baya, wani ya riƙa maƙalewa a jikin ƙasa yana jinkiri, wani ya rikiɗe ya zama wani abu dabam, wani kuma ƙwayoyin bakteriya su cinye shi tun bai yi nisa ba. Mai kula da ruwan jama'a yana bukatar sanin abu biyu: yaushe gurɓatar da aka zubar a nan za ta isa rijiyar can, kuma da wane ƙarfi za ta isa. Tun da ba a iya yaye ƙasa a leƙa, sai a koma ga lissafi. A gina wurin a cikin kwamfuta da ƙasarsa da ruwansa da sinadaransa, a sa shi ya yi tafiyar shekaru cikin mintuna. Wannan ginin shi ne samfuri.

Bukatar wannan aiki a ƙofar gidanmu take. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, amma kamfanonin fata na zamani, irin waɗanda ke unguwannin masana'antu na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano, da gishirin kiromiyam suke aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada kiromiyam ya wuce miligiram 0.05 a kowace litar ruwan sha, naitiret kuma, wanda ke tsiyayowa daga masai da takin zamani, kada ya wuce miligiram 50. Wannan jagora domin ɗalibi ne da injiniya da ma'aikacin hukumar ruwa da ke son fara aikin a kan tsari.

Mataki na farko: tsayar da tambaya guda

Kafin ka kunna kwamfuta, rubuta tambayarka a jimla ɗaya. Tambayar ce za ta nuna maka faɗin wurin da za ka ɗauka, da shekarun da za ka lissafa, da sinadaran da za ka saka. Wanda yake son sanin ko ya kamata a rufe rijiya bana, bukatarsa dabam take da ta wanda yake son sanin inda za a haƙa sabuwa da za ta yi shekara talatin.

Za mu bi misali guda har ƙarshe. A ɗauka akwai kududdufin da ake tara ruwan sharar jima, a gangarensa kuma akwai burtsatse mai nisan mita 200, dukansu a kan yashin fadama. Tambayar ita ce: kiromiyam zai kai burtsatsen cikin shekara 20 har ya wuce ƙa'ida? Lambobin misalin na koyo ne, naka wurin zai ba ka nasa.

Mataki na biyu: zana wurin a takarda

Ɗauki fensir ka zana ƙasar kamar an yanke ta daga sama zuwa ƙasa. Nuna shimfiɗar yashi da ta laka da ta marmara, da kaurin kowace. Nuna inda ruwa ke shiga, ruwan damina ne ko kogi ko gonar ban-ruwa, da inda yake fita, rijiyoyi ko kwari. Nuna tushen gurɓatar, da shekarar da aka fara zubarwa, da ko har yanzu ana yi.

A nan ne samfura da yawa ke karkacewa, domin zanen da bai yi daidai ba babu manhajar da za ta gyara shi. Kula da abu biyu da suka shafi ƙasarmu. Na ɗaya, birnin Kano da kewayensa a kan tsohon dutse suke: ruɓaɓɓen dutse a sama, dutse mai tsagogi a ƙasa. Lissafin da za mu yi an gina shi ne domin ƙasa mai kafofi, irin yashin fadama da shimfiɗun yashi na kwarin Sakkwato da na Cadi. A cikin tsagar dutse ruwa na iya gudu ninki-ba-ninki fiye da abin da wannan lissafi zai nuna. Na biyu, damina da rani suna canza komai. Kogin da ke shayar da ƙasa a watan Agusta yana iya komawa yana janye ruwanta a watan Janairu, alkiblar tafiyar ma ta juya.

Mataki na uku: tattaro bayanai daga fili

Fara da zurfin ruwa. Kana bukatar aƙalla rijiyoyi uku waɗanda ba a kan layi ɗaya suke ba, a auna tsayin bakin kowace daga ma'auni guda, sannan a auna zurfin ruwansu a rana ɗaya. Daga nan za ka fitar da alkibla da gangara. Maimaita a ƙarshen damina da ƙarshen rani. Gwajin jan ruwa, wato a ja ruwa da famfo na awoyi ana auna yadda yake sauka a rijiyoyin kusa, shi zai ba ka sauƙin ratsawar ƙasar. Idan ana haƙa burtsatse, tara ƙasar kowane zurfi a leda ka rubuta mata lamba, domin a ɗakin gwaje-gwaje za a duba girman ƙwayoyinta da yawan ruɓaɓɓen tsiro da tsatsar ƙarfe da manganis da farar ƙasa da ke cikinta.

Ɗibar ruwan gwaji tana da ladubba. A fara zubar da ruwan da ya kwana a cikin bututu har sai sabo ya shigo. A auna pH da zafi da iskar oksijin da ƙarfin alkali a bakin rijiyar, domin suna canzawa da zarar ruwan ya sha iska. A tace da mataci mai kafa maikiron 0.45. Kwalbar ƙarafa ana ɗiga mata asid, amma banda kwalbar da za a nemi kiromiyam mai daraja shida, wato nau'insa mai dafi, a ciki, domin asid na taimaka masa ya rikiɗe kafin a kai shi ɗakin gwaji. A auna manyan sinadarai duka: kalsiyam, maganiziyam, sodiyam, fotasiyam, kulorayid, salfet, baikabonet da naitiret. Idan sakamako ya fito, haɗa jimillar masu caji mai kyau da ta masu caji mara kyau. Idan saɓaninsu ya wuce kashi 5 cikin 100, akwai kuskure a gwajin ko an manta da wani sinadari. Kada ka manta da ɗibar ruwa daga saman gangara, inda gurɓatar ba ta kai ba, domin shi ne ma'aunin da za ka gwada sauran da shi.

Mataki na huɗu: yi lissafin hannu

A shekarar 1856 injiniya Henry Darcy, wanda ya yi aikin ruwan birnin Dijon a Faransa, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi da bututu cike da yashi. Ya gano cewa yawan ruwan da ke ratsawa daidai yake da sauƙin ratsawar ƙasar sau gangarar ruwan. Duk manhajojin yau a kan wannan doka suke tsaye.

A misalinmu, a ce sauƙin ratsawar yashin mita 10 ne a yini, ruwan kuma ya sauka da mita 1 a tsawon mita 200, wato gangara 0.005. Ninka su, ka sami 0.05. Amma ruwa ta cikin kafofi kaɗai yake bi, don haka sai a raba da kason kafofin da ke buɗe, a ce 0.25. Saurin ruwan ya zama mita 0.2 a yini, zai kai burtsatsen cikin kwana 1,000, kimanin shekara biyu da wata tara.

Yanzu saka jinkiri. Idan sinadari yana mannewa a jikin ƙasa, ana ninka nauyin ƙasa a kowace lita da ma'aunin mannewar, a raba da kason kafofi, a ƙara 1. Da nauyi kilo 1.6 da ma'auni 0.5, amsar 4.2 ce. Ke nan tafiyar kwana 1,000 ta koma kwana 4,200, shekara goma sha ɗaya da rabi. Idan kuwa sinadarin ba ya mannewa amma rabinsa yana lalacewa a kowace shekara, kimanin kashi 15 cikin 100 ne zai isa rijiyar. Ajiye waɗannan lambobi kusa. Duk ranar da kwamfuta ta ba ka amsar da ta yi nesa da su, tsaya ka nemi dalili kafin ka ci gaba.

Mataki na biyar: gina gudun ruwa

Manhajar da aka fi amfani da ita ita ce MODFLOW, wadda hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta fitar a 1984, kuma kyauta ake sauke ta. ModelMuse na taimaka maka ka zana wurin a allo, mai iya Python kuma yana da FloPy. Manhajar tana raba wurin gurbi-gurbi kamar filin dara, kowane gurbi yana karɓar ruwa daga maƙwabtansa yana miƙa musu, abin da ya shiga da wanda ya fita kuma dole su daidaita.

Ka ba kowane gurbi irin ƙasarsa. Ka kafa iyakoki a wuraren da ke da hujja, kamar kogi ko tudun da ruwa ke rabuwa ko dutsen da ba ya ratsuwa, kuma ka nisanta su daga wurin tambayarka don kada su tilasta amsa. Saka ruwan da ke nutsewa da damina, da abin da rijiyoyi ke ja. Sannan gwada zurfin ruwan da samfurin ya bayar da wanda ka auna. Duba teburin shiga da fita na ƙarshe, saɓaninsa ya kasance ƙasa da kashi 1 cikin 100. Kada ka taɓa batun sinadarai sai gudun ruwa ya zauna, domin kuskuren sauri yana bin kowane lissafi da zai biyo baya.

Mataki na shida: bi sawun abin da ba ya rikiɗa

Kafin kiromiyam, fara da kulorayid. Ba ya mannewa, ba ya lalacewa, kuma ana samunsa da yawa a ruwan sharar jima saboda gishirin da ake adana fata da shi. Inda kulorayid ya kai, nan ruwan kududdufin ya kai. Manhajar MT3DMS ta Chunmiao Zheng tana karɓar gudun ruwa daga MODFLOW ta lissafa wannan tafiya.

Abu biyu ke tafiyar da shi: kwasar da ruwa ke yi masa, da bazuwa. Bazuwa na faruwa ne domin wata kafa mai faɗi ce wata ƙunci, wata hanya gajeriya wata doguwa, sai goshin gurɓatar ya riga lissafi isa, wutsiyarta kuma ta makara. Ma'aunin bazuwa yana ƙaruwa da nisan tafiya, shi ya sa wanda aka auna a bututun ɗakin gwaji ba ya aiki a fili. A gwajin Cape Cod na Amurka a 1985, inda aka zuba buromayid a yashi da tsakuwa aka bi shi da dubban wuraren ɗibar ruwa, ma'aunin ya tsaya kusa da mita 1. A wani filin gwaji da ke Columbus a jihar Mississippi kuwa, inda ƙasar take a cakuɗe, yawancin sinadarin ya tsaya kusa da inda aka zuba shi, kaɗan ya yi nisa ƙwarai, har lissafin da aka saba ya kasa kwatanta shi. Sai da aka raba kafofin gida biyu, masu gudu da masu riƙe ruwa, sannan aka kusanci abin da aka gani.

Akwai ƙa'idoji biyu na lissafi. Faɗin gurbi kada ya wuce ninki biyu na ma'aunin bazuwa. Kuma kada ruwa ya tsallake gurbi fiye da ɗaya a taki guda na lokaci. Idan gurbinka mita 2 ne, sauri kuma 0.2, takin lokaci kada ya wuce kwana 10. Wanda ya saɓa wa waɗannan zai ga bazuwar ƙarya ko lambobi masu hawa da sauka, har da na ƙasa da sifili. Don ka tabbatar da saitinka, gwada shi a layi ɗaya da amsar lissafi ta Ogata da Banks ta 1961.

Mataki na bakwai: gwada sinadarai ba tare da tafiya ba

Nan ne zuciyar aikin. PHREEQC, wadda David Parkhurst na USGS ya fitar a 1995, daga baya suka faɗaɗa ta tare da Tony Appelo, tana karɓar sakamakon gwajin ruwanka ta faɗa maka siffar da kowane sinadari yake ciki, da ma'adinin da ke shirin narkewa ko daskarewa. Fara da ruwan saman gangara kaɗai, sannan ruwan kududdufi kaɗai, sannan ka gauraya su kashi-kashi a gaban ma'adinan da ka samu a ƙasar. Duba kundin bayanan da ka zaɓa, domin ba kowanne ke da kiromiyam ba. Kundin minteq.v4.dat yana da shi.

Sauye-sauyen da za ka duba iri huɗu ne: mannewa a jikin laka da tsatsa, narkewa da daskarewar ma'adinai, musayar ilektron tsakanin sinadarai, da aikin bakteriya. Kiromiyam ya taɓa kusan dukansu. Wanda ake jima da shi mai daraja uku ne, kuma a ruwan da pH ɗinsa ke tsaka-tsaki yakan daskare ya kwanta, ba ya nisa. Mai daraja shida shi ne mai dafi, yana narkewa sosai, mannewarsa kuma tana raguwa idan pH ya hau. Tsatsar manganis da ke cikin ƙasa tana iya mayar da mai uku ya zama mai shida. Narkakken ƙarfe mai daraja biyu da ruɓaɓɓen tsiro da salfayid suna mayar da mai shida ya koma mai uku. Don haka amsar tambayarmu ta rataya a kan abin da ke cikin yashin tsakanin kududdufi da burtsatse, da kuma ko akwai oksijin a ruwan. Haka naitiret yake: inda oksijin ya ƙare kuma akwai abincin bakteriya, sukan mayar da shi iskar naitirojin, inda babu kuwa yana tafiya kamar kulorayid.

Ga kowane sauyi, tambayi kanka: yana ƙarewa kafin ruwa ya bar gurbi? Idan haka ne, lissafa shi a matsayin wanda ya daidaita nan take. Idan yana ɗaukar watanni, kamar aikin bakteriya da narkewar yawancin duwatsu, dole a ba shi ƙa'idar sauri. Yi hattara da ma'aunin mannewa guda ɗaya da muka yi amfani da shi a lissafin hannu. Yana canzawa da pH da sauran sinadaran ruwan, wuraren mannewar ma suna cika. A gwajin Borden na Kanada da aka fara a 1982, an ga jinkirin sinadaran da aka zuba yana ƙaruwa da tsawon lokaci, bai tsaya a lamba ɗaya ba.

Mataki na takwas: haɗa tafiya da sauyi

Fara da layi ɗaya. PHREEQC da kanta tana iya jera gurabe daga kududdufi zuwa burtsatse ta tura ruwa ta cikinsu. A nan za ka ga goshin kowane sauyi: inda oksijin ya ƙare, inda pH ya juya, inda kiromiyam ya kwanta. Sai wannan ya gamsar da kai sannan ka koma cikakken fili da PHT3D ta Henning Prommer, wadda ta haɗa MT3DMS da PHREEQC. Yadda take aiki shi ne ta matsar da sinadarai taki ɗaya, ta tsaya ta lissafa sauyi a kowane gurbi, ta sake matsarwa. Idan takin ya yi tsawo, wannan rabon yana haifar da kuskure. Rage shi da rabi ka sake gudanarwa. Idan amsa ta canza, bai isa ƙanƙanta ba.

Ƙara sauyi ɗaya-ɗaya, kana adana kowane mataki da sunansa. Wanda ya zuba goma a lokaci guda, idan lissafi ya tsaya, ba zai san wanne ne ya jawo ba. Tuna kuma cewa sauyi yana iya taɓa gudun ruwan kansa, domin ma'adinin da ya daskare yana toshe kafofi. An ga amfanin irin wannan lissafi a Elizabeth City ta jihar North Carolina, inda a 1996 aka binne katangar ɓarɓashin ƙarfe mai tsawon mita 46 da kauri mita 0.6 a kan hanyar ruwan da ke ɗauke da kiromiyam mai daraja shida daga wani shagon shafen ƙarfe. Ulrich Mayer da abokan aikinsa sun yi amfani da manhajar MIN3P suka nuna yadda kiromiyam ke kwantawa a farkon katangar, da yadda wasu ma'adinai ke taruwa suna rage kafofinta a hankali.

Mataki na tara: daidaita, sannan ka jarraba

Daidaitawa ita ce gyara lambobin da ba ka da tabbas a kansu har samfuri ya kusanci abin da aka auna. Bi jeri: zurfin ruwa, sai kulorayid, sai pH da oksijin, sai kiromiyam. Kada ka kai lamba inda ƙasar ba za ta iya kaiwa ba don kawai zane ya yi kyau. Manhajar PEST ta John Doherty tana yin wannan gyara da kanta, amma iyakokin kai za ka ba ta.

Ka sani cewa haɗin lambobi dabam-dabam na iya ba da sakamako iri ɗaya a yau, su saɓa nesa bayan shekara 20. Saboda haka ware wasu ma'aunai, kamar na rijiya ɗaya ko na damina ɗaya, kada ka taɓa su wajen daidaitawa, ka jarraba samfurin da su a ƙarshe. Sannan ɗauki kowace lamba ka ninka ta biyu, ka raba ta biyu, ka ga wadda ta fi girgiza amsa. Ita ce ta cancanci kuɗin awo na gaba. A yashi, sauƙin ratsawa na iya bambanta ninki goma tsakanin rijiyoyi biyu na unguwa ɗaya, kuma wannan kaɗai ya isa ya mayar da shekara uku ta zama talatin, ko wata uku da 'yan kwanaki.

Mataki na goma: faɗi sakamako da gaskiya

Rahotonka ya fara da tambayar da amsarta cikin harshen da shugaban ƙaramar hukuma da mai unguwa za su gane. Ba da amsa uku: mafi kyau, mafi muni, da wadda ta fi yiwuwa. Rarrabe lambobin da aka auna a wurin da waɗanda aka aro daga littafi. Faɗi inda za a haƙa rijiyar sa-ido tsakanin tushen gurɓata da rijiyar sha, da abin da za a riƙa aunawa, da sau nawa a shekara. Miƙa fayilolin samfurin tare da rahoton domin wani ya iya sake gudanar da shi, kuma a sabunta shi duk lokacin da sabon awo ya shigo.

Manhajojin nan mafi yawansu kyauta ne, ƙaramar kwamfutar ɗalibi ma tana ɗaukarsu. Abin da ya fi ƙaranci a wurinmu shi ne awo mai ɗorewa. Ina kira ga jami'o'inmu da hukumomin ruwa na jihohi da su ware 'yan rijiyoyi a kowane gari mai masana'antu, a riƙa auna zurfinsu kowane wata da sinadaransu damina da rani, a adana sakamakon inda ɗalibi zai same shi. Kai kuma mai koyo, fara da rijiyoyi uku na unguwarku da igiyar awo da littafin rubutu tun wannan daminar.